Kwalabe Uku a Jakar Ladan

Mun tashi daga Aliero da asubar Litinin, kuma wanda ya tashe mu shi ne wanda ya tashi unguwa gaba ɗaya. Kawuna ne ladanin masallacin unguwarmu, shekara ashirin da wani abu ke nan. Ya ce ba zai bar gari ba sai ya yi kiran sallarsa, don kada mutane su ji baƙuwar murya su fara tambayar ƙarfe nawa za a yi jana'iza. Ana sallamewa muka ɗauki jakunkunanmu muka nufi bakin titi, warin albasar da ake lodi yana raka mu.

Ga dalilin tafiyar, don waɗanda suka yi ta tambayata a waya. Kafin Kawu ya zama ladan, direban babbar mota ne. Albasar garinmu yake kaiwa har Abijan, kwana shida ko bakwai a hanya. Tsohon mai masaukinsa na can ya yi doguwar jinya ya warke, 'ya'yansa suka haɗa masa walimar godiya, ya ce yana son ganin tsofaffin abokansa kafin ganin ya gagara. Sai ga tikitin jirgi guda uku. Ɗaya na Kawu, ɗaya na amininsa, wani tsohon mahauci a Jega da nake kira Baba, ɗaya kuma na wanda zai karanta musu takardu. Ni ne malamin firamaren gidan, don haka ba a ma yi shawara da ni ba, gaya mini kawai aka yi.

A Jega muka ɗauki Baba. Mun same shi a tasha tsaye kan ƙunshin kilishi mai girman katifar yaro, yana faɗa da wani kamasho da ya so ya ɗora masa buhun gero a kan kilishin. Daga nan muka samu motar Abuja, mu huɗu a baya, biyu a gaba kusa da direba. Mun ƙetare gadar gulbi gari bai gama wayewa ba, masu lambu sun riga sun sauka fadama. A Maiyama muka sha shayi. Mai shayin ya tsuga mana kuɗi, Baba ya tambaye shi ko saniyar da aka tatso madarar tana cikin cinikin, mutumin ya ce a'a, sai dai ƙahonta. Bayan Koko hanya ta fara nuna halinta. A Yawuri muka ci kifi soyayye mai zafi da yaji, wanda har yau in na tuna sai yawuna ya tsinke. Daga Kontagora zuwa gaba kuwa ba zan ce komai ba, ƙashin bayana ne ya san labarin.

Washegari muka shiga filin jirgi. Kilishin Baba ya sha tambayoyi fiye da mu ukun, amma ya wuce. Shi Baba bai taɓa hawa jirgi ba, Kawu ma haka, ni kuma sau ɗaya na taɓa, shi ya sa na riƙa tafiya a gabansu kamar ni na gina wurin. Da muka zauna na ɗaura musu bel, Baba ya leƙa taga ya ga fiffike, ya jawo hannun rigata.

"Malam, wanga abu in ya lalace bisa, ina aka fakawa?"

Na ce masa ba ya lalacewa. Ya ce haka direban jiya ya faɗa kafin mu tura shi a Tegina. Daga nan ya rufe ido ya kama tasbaha, bai sake buɗewa ba sai da ya ji ƙamshin abinci.

A nan na fara ganin abin da ya jawo wannan rubutu. Ma'aikaciyar jirgin ta turo ɗan kekenta, sama lemo da ruwa, ƙasa kuma wasu 'yan kwalabe a jere, kowace ba ta wuce tsawon yatsa ba, wasu farare kamar ruwa, wasu ja. Giya ce, kuma kyauta ake ba duk wanda ya miƙa hannu. Kafin ta buɗe baki na ce mata ruwa uku, da muryar da nake hana yara surutu a aji. Wani dattijo ɗan kudu da ke gefena, mutumin da ya ce ya tsufa a kan wannan hanya yana sayar da kayan gyaran mota, ya karɓi kwalba ɗaya ya yi dariya. Ya ce da can in keken nan ya fito, kafin ya kai tsakiyar jirgi ya zama fanko, mutane su sauka suna dafa kujeru. Yanzu kuwa matasa sun lalace, a faɗarsa, ba abin da suke nema sai ruwa da wurin cajin waya. Na duba, gaskiyarsa. Samarin da ke gabanmu, masu kitso da 'yan kunne, waɗanda da a tasha na gan su zan rantse da ita suke karyawa, duk ruwa suka karɓa, ɗaya ma cewa ya yi a ba shi shayi ba sukari. Keken ya koma kusan yadda ya fito. Na fassara wa Kawu hirar, ya ce "to", ya bi keken da ido har ya shige bayan labule. Na ɗauka ƙafafunsa yake kallo, tunda tsohon direba ne.

Abijan sai wanda ya gani. Kwana uku muka yi, muka ci acheke, wato turararren garin rogonsu, da kifi har Baba ya fara tambayar inda ake sayar da tuwo. Mai masaukin Kawu da ya gan shi sai ya rungume shi ya fashe da kuka, ni ma sai da na juya baya na goge ido. A kasuwar albasa na ji ana ciniki da Hausar garinmu, har na ga buhuna da rubutun wani maƙwabcinmu a jiki. Kuɗinsu ya rikita ni, na sayi ruwan sha na biya har sau biyu, yarinyar ta biyo ni da canji tana dariya.

A dawowa ne aka raba mana kujeru. Ni can baya, Kawu da Baba layi huɗu a gabana. Da keken ya fito na miƙa wuya ina ƙoƙarin yi wa ma'aikaciyar alama, ba ta gan ni ba. Ina kallo da idona Kawu ya nuna ƙasan keken. Ta ba shi ɗaya. Ya sake nunawa, ta ƙara masa biyu tana murmushi, ga alama ta ji daɗin samun mai karɓa. Farare biyu, ja ɗaya. Ya cire hularsa ta ajiya daga jaka, ya naɗe su a ciki, ya mayar ya ja zif. Abincin da aka ajiye mini ban san ɗanɗanonsa ba.

Muna sauka Abuja na matsa kusa da shi, na yi ƙasa da murya.

"Kawu, abin nan da aka ba ka, ka san ko mene ne?"

"Turare na," in ji shi, ko kallona bai yi ba. "Kai dai ji da takardunka."

Baba ya ce ai shi tun a jirgi ya gane, irin kwalaben da masu turare ke jerawa a kasuwar Jega ne, sai dai waɗannan na Turawa ne, za su fi kama jiki. Ya roƙi guda ya shafa ran Juma'a. Kawu ya ce, "Wanga ba na rabo na ba." Baba ya gyaɗa kai ya ce ya gane, na Liman ne. Kawu ya saɓa jakarsa ya yi gaba.

Wanda bai san gidanmu ba ba zai gane irin tashin hankalin da na shiga ba. Kawu ba ya shiga gida da jakar tafiya a rufe. Tun yana direba al'adarsa ke nan: a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, maƙwabta su taru, a zazzage jaka a gaban kowa, Liman ya fara ɗauka, sannan dattawa, sannan mata a aika musu ciki. Ko Birnin Kabi ya je ya dawo haka ake yi. Na hango Liman ya buɗe kwalba ya shafa a gemu, na hango ɗaya daga cikin samarin unguwa da suka yi jami'a ya ɗauki kwalbar ya karanta. Mutumin da ya shekara ashirin yana tashin jama'a sallah, a wayi gari ana cewa giya ya yo wa masallaci tsaraba. Ba wanda zai tsaya jin bayani. Lasifikar nan ita ce abin da ya rage masa a duniya tun da ya ajiye sitiyari, kuma na san ranar da aka karɓe ta, ranar zai fara tsufa na gaske.

Za ku ce me ya hana in gaya masa kai tsaye. Mutumin nan shi ya riƙe ni tun da mahaifina ya rasu, shi ya kai ni makaranta a gaban motarsa. In dube shi a gaban amininsa in ce Kawu giya ce ka ɗauko, bakina ba zai iya ba. Na gwada sau biyu, sau biyun yana katse ni da wata magana. Sai na yanke shawarar da duk mai hankali irina zai yanke, wato in yi sata.

Mun kwana gidan wani ɗan garinmu kusa da tasha, jakar kuwa da ita Kawu ya yi matashi. Da asuba muka kama hanya, ya ɗora ta a cinya ya rungume. A Kontagora na ce ya kawo in riƙe masa ya huta, ya ce ba ta da nauyi. A Yawuri na saya masa kifi biyu don hannuwansa su cika, ya rataya jakar a wuya ya ci abinsa. Baba kuwa duk bayan awa ɗaya sai ya tada maganar turare, yana rage buƙata. Daga kwalba guda ya dawo rabi, daga rabi ya dawo a ɗiga masa a auduga. A wani shingen jami'ai aka ce kowa ya buɗe jakarsa, amma jami'in da ya ga farin gemun Kawu sai ya ce masa ya bar tasa, ya yi masa addu'a kawai. Kawu ya yi masa doguwa.

La'asar ta same mu a Maiyama. A nan Allah ya ba ni sa'a, ko in ce ya ba ni igiyar ɗaure kaina. Kawu ba ya shiga wurin alwala da jaka, sai ya ajiye ta a kujera ya ce in kula. Na ce su je, ni zan yi tawa in sun fito. Suna ba da baya na zuge zif, na warware hular, na zuba kwalaben uku a aljihun gefen farar kaftanina, na naɗe hular yadda take na mayar. Saura in jefar. To, ku je Maiyama da la'asar ku nemo mini inda mutum zai jefar da abu ba a gan shi ba. Na nufi bayan shaguna, na tarar da mata masu fura sun baje ƙore. Na zaga ta wajen kwalbati, wani makiyayi da ya kora shanu daga wajen Kuberi yana tsaye dafe da sanda, ya gaishe ni, ya kuma ci gaba da kallona kamar an ba shi ajiyata. Na juya wajen juji, sai ga wani tsohon abokin karatuna a kan babur, ya riƙe hannuna yana tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda ban haifa ba. Kafin ya sake ni direba ya fara hon. Sallar ma a gurguje na yi ta, hannu ɗaya dafe da aljihu, Allah ya yafe mini.

Daga Maiyama zuwa Jega tafiyar ba ta da nisa, amma ranar ta yi mini tsawo. Duk ramin da muka faɗa sai kwalaben su yi ƙara, ni kuma in yi tari in rufe. Baba ya ce sanyin jirgi ne ya kama ni, ya ba ni citta. Da muka iso gadar gulbi, Kawu ya taɓa kafaɗar direba ya ce don Allah ya tsaya minti biyu. Ya fita da jakarsa ya tsaya a bakin gada, bayansa gare mu. Na ga ya buɗe, ya ciro hular, ya warware, ya tsaya. Ya sake lalube jakar har ƙasa. Ya daɗe yana kallon ruwa, sannan ya dawo ya zauna. Bai ko dube ni ba. Ni a raina cewa nake yi ya so ya shinshina turarensa ne, har ina yaba wa kaina.

Mun shiga tashar Jega ana cikin hada-hadar yamma. Masu lemo, masu rake, masu babura, 'yan kamasho na kiran Sakkwato da Birnin Kabi, ga hayaƙin tsire. Na fito daga mota na tsaya ina jawo jakata, direba kuma da yake yana sauri ya banko ƙofa. Ƙofar ta kama gefen rigata daidai aljihu. Na ji ƙarar, na ji sanyi yana bin cinyata. Da na duba, ja ya fara yaɗuwa a farar shadda, wani wari kuma ya tashi wanda ya danne na tsiren.

Baba ne ya fara magana. Ya ce ashe ɓarawon turaren a cikin gida yake. Kafin in yi motsi ya dangwala hannu a jiƙaƙƙen aljihuna ya shafa a gemu, ya ƙara dangwalowa ya shafa a wuyan riga, yana cewa ba za a yi asara biyu ba. Sannan ya ɗan yamutsa fuska ya ce na Turawa dai ƙarfi gare shi, ƙamshin sai a hankali.

Mutane sun fara tsayawa. Wani tsohon kamasho, mai ƙaton carbi a wuya, ya matso ya buɗa hanci sau ɗaya.

"Wanga ba turare na ba," in ji shi da ƙarfi. "Giya ta."

Wani mai rake ya ce ƙwarai ita ce. Wani dattijo mai sayar da man mota a galan ya ce har da mai zafin, ba jar kaɗai ba. Nan take aka kewaye ni. Jega da Aliero ba wani nisa, rabin mutanen tashar sun san fuskata. Na hango mahaifin wata ɗalibata, mai ɗaukar albasa a a-kori-kura, ya riƙe baki yana kallona. Na ji wani yana cewa ai malamin makaranta ne, wani ya ce su ne ke koya wa yaranmu. Baba ya ruga wajen mai ruwan leda yana wanke gemu yana salati. Ni kuwa na tsaya da fasassun kwalabe a aljihu. In na ce nawa ne, na gama koyarwa a ƙasar nan. In na ce na Kawu ne, abin da na yi satar don shi ya tashi a banza. Na zaɓi in yi shiru, kuma ba jarumtaka ba ce, tsoro ne ya ɗaure mini harshe.

Sai Kawu ya ajiye jakarsa a ƙasa. Muryar ladan ba ta buƙatar lasifika.

"Ku saurara. Kwalaben ga nawa na. Ni nik karɓo su cikin jirgi, kuma na san abin da ka ciki tun kahin in miƙa hannu. Yaron ga sata yay yi cikin jikkata don ya ruhe min asiri, shi a zatonai ban sani ba."

Har mai kiran Sakkwato ya bar kiransa ya matso, Kawu kuwa ya ci gaba.

"Sa'ad da nika tuƙi, shekara goma sha ɗaya ina shan ta. Uwar yaron ga ta sani, ta mutu ba ta hwaɗa ma kowa ba. Na bari yau shekara talatin. Amma ban bari ba sai da na aje mota na dawo gida, inda ko ka nema ba ka samu sai da tonon asiri. Shi yas sa ban taɓa sanin gaskiyata ba: ni na bar ta, ko ko rashin samu na? Da nig ga ana rabonta kyauta, babu mai gani na, babu mai sanina, sai nic ce bari in ɗauko ta in gani. Kwana na yi da ita ƙarƙashin kaina, na yini da ita bisa cinya, ban buɗe ba. Niyyata in zuba ma gulbi a gada. Malam ya riga ni, ya zuba ma wandonai."

Wani ya yi dariya ya haɗiye. Tsohon kamashon bai sauko ba, ya ce ko ma mene ne, ladan da giya a jaka abin kunya ne. Kawu ya ce gaskiya ne, abin kunya ne, ya karɓa. Sannan ya dube shi sama da ƙasa.

"Amma ina da tambaya. Aminina ga shi can, shekara saba'in, ya shahwa ta ga gemu bai gane ba. Kai da kag gane ta da shaƙa guda, wace makaranta ka karance ta?"

Kamashon ya kama jan carbinsa. Mai rake ya sunkuya yana gyara raken da ba abin da ya same shi. Mai man mota, wanda ya bambance mai zafi da ja, ya tuna yana da galan a wani wuri. Sai dariya ta ɓarke, irin wadda mutane ke yi suna dafa juna. Kamashon da kansa daga baya ya yi murmushi, ya ce shi ma ya yi yaron mota a hanyar Kumasi, Allah dai ya shirye mu. Dattawa uku ko huɗu suka amsa da amin mai nauyi, kowa yana kallon ƙasa. Mahaifin ɗalibata ya ciro wata riga daga motarsa ya ba ni na canza a bayan shago, ya kuma ce shi zai kai mu gida. Baba ya ce ba zai sake yarda da Kawu ba har abada, sannan ya tambaya yaushe za mu zo cin tsire.

Muka kama hanyar Aliero a motarsa, ni da Kawu. Ina zaune kusa da mutumin da na ɗauka na sani kamar tafin hannuna, ina jin kunyarsa, ina kuma jin tausayinsa, don na san labari ya riga mu isa. Waya ta fi a-kori-kura gudu. Na ce masa, "Kawu, ka yafe mini." Ya ce da na bar shi da ya gama a gada ba wanda ya ji, amma kuma da ya ci gaba da ɓoyo har kabari, don haka bai san ko ya gode mini ko ya mare ni ba.

Mun iso rana na gab da faɗuwa. An shimfiɗa tabarma a ƙofar gida kamar kullum, amma taron ya ninka na kullum, kuma ba mai hayaniya. Kawu ya gaisa da kowa, ya zazzage jaka. Liman ya ɗauki carbi ɗaya ya yi godiya, dattawa suka ɗauki sabulu da 'yan yadudduka. Ba wanda ya ambaci komai. Lokacin magariba ya yi, aka tashi aka nufi masallaci. Kawu ya yi alwala, amma maimakon ya wuce wajen lasifika kamar yadda ya saba, sai ya samu gefe a sahun baya ya zauna, ya sunkuyar da kai. Na'ibinsa yana tsaye yana raba ido, bai san ko ya matsa ba. Ni ma na kasa zama.

Liman ya shigo, ya duba gaba bai gan shi ba, ya waiwaya ya hango shi a baya. Ya tako har inda yake.

"Ladan, rana ta hwaɗi. Mi kaka jira?"

Kawu ya ɗago ya ce, "Malam, ba ka ji abin da ya hwaru Jega ba?"

"Na ji. An ce ka kwana da ita ba ka buɗe ba. Tashi ka kira muna salla."

Ya tashi. Muryarsa ta ɗan karye a kabbarar farko, daga nan ta miƙe.

Abin da na koyo a wannan tafiya ba shi da yawa. Na ga Abijan, na ga gajimare ta sama, na ga samarin da na yi wa mummunan zato suna shan ruwa. Na tafi a matsayin mai karanta wa tsofaffi takardu, ina ganin ni ne mai ido a cikinsu, alhali rubutun jikin kwalba kawai na iya karantawa. Ni ban taɓa sha ba, kuma da ina alfahari da hakan, amma gaskiya ba a taɓa miƙo mini a inda ba mai ganina ina kuma so ba. Shi an miƙo masa, ya riƙe ta kwana da yini, ya dawo da ita a rufe. Kaftanin dai an wanke sau uku jan bai fita ba, matata ta yanka shi ta yi tsumman goge tukunya.